Ana bina bashin da ban ci ba

Assalamu alaikum Barista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da abokan aikinka na wannan fili. Ni mai sauraronka ne daga Agege a nan Legas, amma asalina mutumin Danja ne a jihar Katsina. Ina roƙon a sakaya sunana, don abin da ya same ni ya riga ya yawata da sunan nawa fiye da kima.

Sana'ata dillancin kayan gwari a kasuwar Mile 12. Manomi a Danja ko a Kwanar Gafan zai yi lodin kwandunan tumatir da buhunan attaruhu ya turo mini, babu takarda babu shaida, sai kiran waya kawai. In sayar, in cire la'adata da kuɗin mota da na 'yan dako, in tura masa sauran. Na faɗi wannan ne don ka gane cewa ni ba ni da shago, ba ni da sito, duk jarina amana ce. Ranar da aka daina yarda da ni, ranar na tashi daga kasuwa.

Kafin azumin da ya wuce aka zare mini waya a cikin motar haya ta danfo wajen Oshodi. Na kai rahoto caji ofis aka ba ni takarda, bayan 'yan kwanaki kuma na je ofishin kamfanin layin da lambar NIN ɗina, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, aka dawo mini da layina. Na leƙa banki, ko kwabo ba a taɓa ba. Na yi hamdala, na sayi wata wayar, na ci gaba da harkokina.

Bayan sallah sai wata yarinya ta kira ni tana magana da turancin buroka, ta ambaci cikakken sunana da ranar haihuwata, ta karanto mini lambobin ƙarshe na BVN ɗina, wato lambar shaidata ta banki, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ta ce na karɓi rancen naira 38,000 a manhajarsu, wa'adin mako guda ya wuce tuni, kuɗin ruwa da tara sun kai shi naira 61,000. Na ce baiwar Allah, ni ko sunan kamfaninku ban taɓa ji ba. Ta yi dariya ta ce duk haka kuke faɗa. Na ce to wane asusu aka tura kuɗin? Ta ce asusu mai sunana. Na ce na wane banki, kuma a wace rana? Sai ta kashe waya.

Daga nan wayata ba ta ƙara hutawa ba. In na toshe wannan lamba, wata ta shigo. Tun ana lallashi har aka koma zagi, har aka fara cewa za a turo 'yan sanda su ɗauke ni a gaban jama'a a tsakiyar kasuwa. Wani abin da na lura da shi, duk lokacin da suka turo lambar asusun da zan biya, sai in ga sunan mutum ne ba na kamfani ba, kuma sunan yau daban na gobe daban.

Duk wannan na shanye. Abin da ya karya mini gwiwa shi ne ranar da suka ɗauko hotona na WhatsApp, wanda na ɗauka da babbar riga a ranar idi ina riƙe da hannun ɗana, suka yanke yaron daga gefe, suka rubuta da jan rubutu a saman hulata cewa ni ɓarawo ne ana nemana ruwa a jallo. Suka tura wa mutanen da ke cikin tsohuwar wayata. Ya je wa limamin masallacinmu, ya je wa malamin Islamiyyar yarana, ya je wa surukina a Funtua. Tsohon nan bai iya karatun boko ba, jikansa ne ya fassara masa a zaure cikin mutane. Da ya kira ni bai yi faɗa ba, cewa ya yi kawai: "In wata matsala ce ta same ka, ai mu ya kamata ka fara gaya wa." Wallahi Barista, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. A makon kuma wani manomi da muka daɗe muna hulɗa ya ce daga yanzu in fara tura rabin kuɗi kafin ya yi lodi. Bai ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Ɗan yayana da ke karatu a jami'ar jihar Legas da ke Ojo shi ya warware mini yadda aka yi. Ya ce duk wanda ya riƙe sim ɗinka, in ya danna *565*0# lambar BVN ɗinka mai lamba 11 za ta fito masa, kuma duk lambar sirrin da banki ko manhaja za su turo don tabbatarwa, kan wannan layin za ta sauka. To a 'yan kwanakin da layina ya yi a hannun ɓarawo, ya isa ya buɗe asusu da sunana a irin bankunan nan na cikin waya, ya sauke manhajar rance a wayata, ya ba ta izinin kwashe lambobin mutanena, ya karɓi kuɗi ya cire a wajen mai POS. Ya ce tun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store shiga lambobin waya da hotunan mutane, don haka masu irin wannan tozarcin sau da yawa ta wata hanyar ake sauke su. Ya duba jerin kamfanonin rance da hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta amince da su, bai ga sunan masu kirana ba. Shi ne kuma ya tuna mini cewa a 2022 hukumar ta kai samame ofisoshin wasu irinsu a Ikeja saboda wannan ɗabi'a ta kunyata mutane.

Da maganar ta tsaya a nan da da sauƙi. Yaron ya ce dokar 2017 ta ba kowa damar neman rahoton basukan da ke kan sunansa kyauta sau ɗaya a shekara, daga kamfanonin da ke ajiye wannan bayani, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Muka nema a ɗaya daga ciki. Sai ga wani bashin daban na naira 120,000 daga wani ƙaramin banki mai rajista, an rubuta cewa na karɓa ban biya ba, kuma ranar karɓar ta faɗo daidai cikin kwanakin da wayata ba ta hannuna. Waɗannan ba su taɓa zagina ba. Saƙon tunatarwa suke turowa cikin ladabi, ni kuwa ina gogewa don na ɗauka duk tafiyar ɗaya ce. Yanzu su nake tsoro fiye da masu zagin, saboda na ji cewa tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin GSI, wanda ke bai wa bankin da ke bin mutum bashi damar cirar kuɗinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗinsa. Barista, kuɗin da ke kwana a asusuna mafi yawa ba nawa ba ne. In aka wayi gari an zare kuɗin tumatirin wani bawan Allah da ya yi wata uku yana ban ruwa, da wane baki zan yi masa bayani?

A nan kan mutanena ya rabu. Alhajin da ya kawo ni Legas ya koya mini kasuwa, wanda ba na iya musu da shi, ya ce in biya masu zagin in huta. A ganinsa naira 61,000 ba ta kai darajar suna ba, kuma shari'a da wanda ba ka san ofishinsa ba ɓata lokaci ne, har ya ce shi zai ba da rabi. Liman ya ce kada in kuskura, ban ci bashi ba, balle in biya riba a kan abin da ban ci ba. Uwargida kuma ta ce in jefar da layin in sayi sabo. Amma wannan layin shi manoma da direbobi suka sani, shi ke haɗe da bankina, jefar da shi daidai yake da rufe kasuwata da hannuna.

Ni dai zuciyata ba ta kwanta da biyan ba. An ce bashi hanji ne yana cikin kowa, na yarda, ni ma ina ci ina biya a kasuwa kullum, amma wannan hanjin ba a cikina yake ba. In na tura ko naira ɗaya daga asusuna, gani nake na ba su shaidar da ba su da ita, gobe su nuna alat su ce ga shi ya fara biya, ashe ya san da bashin. Sannan mutanen da ke sauya lambar asusu kullum, wa zai ba ni tabbacin cewa in na biya yau ba za su dawo jibi da wani lissafin ba? Kuma biyan ba zai shiga wayar surukina ya goge hoton nan ba. Sai dai kuma Alhaji ya fi ni sanin duniya, kuma kullum aka ƙara kwana sunana ne ke ƙara lalacewa.

Abin da ke hannuna yanzu shi ne takardar 'yan sanda ta ɓatan waya, takardar dawo da layi mai ɗauke da kwanan wata, bayanan asusuna na watannin da abin ya faru waɗanda ke nuna babu kuɗin rance da ya shigo, rahoton basukan nan, da hotunan duk saƙonnin zagi da yaron ya adana mini. Tun da ya gargaɗe ni na daina musu da su a waya, kuma ban ba kowa wata lamba ba.

To Barista, ina zan fara? Shi ƙaramin bankin mai rajista, in je da ƙafata ne ko in rubuta musu takarda, kuma me takardar za ta ƙunsa don kada a juya maganata ta zama amsa laifi? Ina da haƙƙin in tilasta musu su nuna mini asusun da aka tura kuɗin da hoton wanda ya nema? An ce mini in na kai ƙorafi banki ba su warware cikin mako biyu ba, ina iya wucewa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. To a tsakanin nan akwai abin da zai hana a taɓa asusuna, kuma wa ke da alhakin cire sunana daga rahoton masu taurin bashi? Wani ya ce in je babbar kotu in yi takardar rantsuwa cewa ban karɓi rancen ba, shin tana da amfani ko kashe kuɗi ne kawai?

Su kuma masu zagin da ba su da adireshi, FCCPC zan kai su, ko hukumar kare bayanan sirri ta NDPC tunda akwai dokar 2023 a kan haka, ko sashen 'yan sanda masu binciken zamba da ke Ikoyi? Kasuwa ba ta barin mutum ya yi ta zarya tsakanin ofisoshi, ina so in san ƙofar da ta fi dacewa in fara ƙwanƙwasawa. Yaron nan ya ce dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi zalla, ina so in ji wannan daga bakinka, don har yanzu in na hango motar 'yan sanda a bakin kasuwa sai gabana ya faɗi.

Akwai kuma tambayar da ta fi damuna. In hukuma ta tabbatar ba ni na ci ba, ana ba da wata takarda da zan iya nuna wa shugabannin kasuwarmu, in kuma aika Funtua da Danja a karanta wa mutanena? Tumatirin rani ya kusa fara saukowa, kuma yanzu ne manoma ke zaɓar dillalin da za su tura wa kaya.

In kana buƙatar kwafin takardun zan turo ta lambar shirin. Allah Ya ƙara basira, Ya saka da alheri.

Naka,
Mai sauraro daga Agege, Legas