Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Gayyar Ɗalibanmu na Sakandare a Gadarif

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu maza da mata, malamanmu na allo da na boko, yayye da ƙanne 'yan ƙungiya, na gida da waɗanda ke Makka da Jidda da Kano suna bibiyar al'amuranmu daga nesa, kwamitin gudanarwa yana gaishe ku, yana yi muku fatan alheri. Wannan rahoto ne na abin da yaranmu 'yan sakandare suka yi wa unguwa a shekarar da ta ƙare. Mun rubuta shi da Hausa saboda iyayenmu mata sun koka bara cewa an karanta musu da Larabcin takarda, rabin maganar ta wuce su. Lissafin kuɗi kuwa ma'aji ne zai karanta shi dalla-dalla ranar taro, da rasitai a hannunsa.

Kafin komai, muna yi wa waɗanda muka rasa a cikin shekarar addu'a, 'yan unguwa da baƙin da ajali ya riska a wajenmu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Duk kun san yadda muka zo nan. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, bai shigo garin Gadarif da ƙafarsa ba, amma ya aiko mana da mutanensa rukuni-rukuni. Na Khartum suka fara zuwa. Sai na Wad Madani a Disamba 2023, sai na Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, sai na gabashin Jazira a Oktoba 2024. Makarantu suka zama masauki, aji guda ya ɗauki iyalai da yawa, ana raba tsakaninsu da zane. Yaranmu kuwa suna zaune a gida, ba karatu, ba sana'a. Daga nan tunanin haɗa su a aikin gayya ya taso, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir. Ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Kakanninmu da ƙafa suka iso ƙasar nan, wasu a kan hanyar hajji, wasu a ayarin hijira bayan faɗan Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka zauna a bakin Kogin Nilu kusa da Sinnar, a garin Mai Wurno da har yau yake ɗauke da sunansa. Jikan wanda aka taɓa saukewa ba ya buƙatar a yi masa dogon wa'azi a kan baƙo.

Takiyya

Shekarar ta same mu tukunyar takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka na unguwa, tana kan wuta. Manya ke riƙe da kuɗi da cefane, iyayenmu mata ke tuƙa girki, ɗalibai kuma su ne ƙafafun aikin: ɗauko gawayi da itace, tsince adas (wani ɗan ƙaramin wake), wanke tukwane, tsara layi, da rubuta gidajen da ake kai wa abinci. Mafi yawan ranaku adas ne ko balila, ranar da hali ya samu a yi asida da miya.

Akwai abu guda da nake so ya shiga rahoton nan da kyau, domin ba daga kwamiti ya fito ba. 'Yan matanmu ne suka lura cewa wasu gidajen baƙi ba sa aiko da kwano. Da suka bi diddigi, sai suka gane ba wadata ba ce, kunya ce. Mutumin da a Madani shi ke ciyar da wasu, yau a ce ya tura ɗansa layi da kwano a hannu, gara masa ya kwana da yunwa. Yaran ba su kawo mana ƙara ba, ba su kuma yi shela ba. Sai suka riƙa zuba abincin a kwanukan gidajensu, su rufe da faifai, su kai da yamma da sallama, kamar yadda maƙwabciya ke aika wa maƙwabciya ɗanɗano. Washegari kwanon ya dawo a wanke, wani lokaci da ɗan dabino ko gyaɗa a ciki. Mu manya mun shafe watanni muna kallon layin nan ba mu ga waɗanda babu ba. Yarinya 'yar aji biyu ta gani.

Azumi ya kama a farkon Maris. Kamar yadda aka saba a ƙasar nan, samari suka riƙa shimfiɗa tabarmi a bakin titi gab da magariba, suna tare masu wucewa da direbobin manyan motoci don su sha ruwa. Kowane gida ya fito da abin da ya sawwaƙa, hilu-mur da godogodo da ƙosai da balila. Bana faifan ya yi ƙasa da na shekarun baya, kowa ya san dalili, amma tabarma ba ta taɓa tashi babu baƙo a kanta ba.

Ruwa, kwalara da sauro

Matsalar ruwan Gadarif ta girmi yaran nan duka. Yawancin gidajenmu daga masu karon jaki suke sayen ruwa, a zuba a barmil, wato ganga, ko randa a ajiye kwanaki. Tun da ma'aikatar lafiya ta bayyana ɓarkewar kwalara a Agusta 2024, kuma jiharmu da Kasala na cikin waɗanda ta fara taɓawa, muka san cewa a bakin randa za a yi wannan yaƙin. Ma'aikatan lafiya 'yan unguwa suka koya wa ɗalibai yadda ake sa sinadarin kulorin a ruwa a jira rabin awa kafin a sha, da yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in babu na fakiti: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Suka haddace, suka bi gida-gida suna koyarwa, suna nanata cewa wannan na riƙon hanya ne, mai amai da gudawa asibiti za a kai shi ba tare da jira ba.

Ba ko'ina aka karɓe su hannu biyu ba. Wasu sun ce ruwan yana wari, wasu dattawa sun ga raini ne jikansu ya zo yana koya musu shan ruwa. Sai da liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, ya kuma sha daga randar masallaci a gaban jama'a, sannan ƙofofi suka buɗe. Muna gode masa.

Zazzaɓin dengi ya ƙara mana wani darasi. Sauronsa ba a kwatami yake ƙyanƙyasa ba, a ruwa mai kyau da aka ajiye a buɗe yake yi, kuma da rana yake cizo, saboda haka gidan sauro na dare kaɗai ba ya wadatarwa. Aikin shi ne a rufe randa da barmil, a wanke su duk mako, a kifar da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi. Nan ma 'yan mata ne suka ɗauki nauyin da ya fi yawa, domin namiji baligi ba ya shiga cikin gidan mutane, randa kuwa a ciki take. Samari suka kama yashe magudanun unguwa kafin damina, don ruwa ya samu hanyar gangarawa rafin Khor Abu Farga maimakon ya kwanta a ƙofofinmu. Wanda ya san baƙar lakar garin nan, wadda ke riƙe takalmi ta bar mutum da ƙafa, ya san ba wasa suka yi ba.

Doka guda muka kafa tun farko kuma ba mu sassauta ba: ɗalibi ba ya shiga wurin killace masu kwalara, ba ya jinya, ba ya wankan gawa. Wasu samari sun roƙa, mun hana.

Mayar da makaranta makaranta

Bayan da sojoji suka karɓe Madani a Janairu 2025, sannan Khartum a Maris, baƙi da dama suka fara haɗa kaya suna komawa. Azuzuwa suka fara buɗewa. Abin da muka tarar sai haƙuri: bango ya yi baƙi da hayaƙi, alluna sun goge, tagogi sun ɓalle, benci da yawa sun tafi a murhu. Ba ma zargin kowa. Uwar da ke da yara masu kuka da yunwa ba ta ga benci ba, itace ta gani.

Aka yi gayya. Kafintocin unguwa da maƙera da magina suka ba da ranakunsu kyauta, ɗalibai suka yi shara da wanki da shafen farar ƙasa, suka tattara ƙarafan benci aka sake musu katako. Masai mun bar wa masu sana'ar, an biya su. Iyalan da ba su da inda za su koma suna nan har yanzu a wani sashe, kuma mun faɗa wa duk wanda ya tambaye mu cewa ba za a yi amfani da yaranmu a tashi kowa ba.

Cikin duk ayyukan shekarar nan, wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne karatun yamma. Ƙananan yara sun daɗe ba su ga allo ba. Wanda ya bar makaranta yana haɗa baƙi ya dawo ya manta, wanda ya isa shiga aji ɗaya ya girma bai taɓa riƙe fensir ba. Malamin khalwarmu, wato makarantar allo, Allah Ya ƙara masa lafiya, ya ba da rumfarsa bayan la'asar. Kowane ɗalibi ya ɗauki 'yan yara kaɗan, na unguwa da na baƙi ba bambanci, yana koya musu karatu da lissafi. Abin da ya sa ya yi tasiri, a ganina, shi ne yayyen suna buɗe wa yaro darasin da Hausa sannan su mayar da shi Larabci, abin da ba ya samuwa a aji mai cike. Yaranmu da yawa ba daƙiƙai ba ne, harshen aji ne ke tare musu hanya a shekarun farko. Masu koyarwar ma sun amfana, domin wanda ya koya wa ƙaninsa rabawa sau goma ba ya ƙara mantawa da ita.

Inda muka gaza

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mun yi kurakurai, kuma mafi girmansu ya taɓa abin da aka kafa ƙungiyar nan dominsa.

Jarabawar kammala sakandare, wato Shahadar Sudan, ta rukunin 2023 sai a ƙarshen Disamba 2024 aka fara ta, rukunin da ke bi kuma ya zauna a ƙarshen Yuni 2025. Yaran da suka jira wannan dama tsawon lokaci, mu muka bar su suna ɗaukar itace da tukwane har makonnin ƙarshe, don kawai su ne suka fi iya aikin kuma ba sa cewa a'a. Sakamakon wasunsu bai kai yadda malamansu suka san su ba. Wani uba ya same ni a ƙofar masallaci ya faɗa mini magana mai zafi a kan ɗansa. Na saurare shi har ya gama, domin gaskiya ya faɗa. Yaro mai kunya ba zai dubi dattijo ya ce yana da karatu ba. Mu ya kamata mu kore shi gida. Kwamiti yana neman gafarar waɗannan iyaye da 'ya'yansu, kuma ya ɗauki nauyin darasin ƙari ga duk wanda zai sake zama.

Na biyu, mun tura samari yashe magudanu babu takalman roba. Ɗaya ya taka fasasshiyar kwalba, sai da aka yi masa ɗinki da allurar tetanus. Ya warke, alhamdu lillahi, amma sakacinmu ne.

Na uku, mun sa gayya a lokacin yankan riɗi. Kowa a garin nan ya san riɗi ba ya jira, in ya bushe a gona sai ya fashe ya zube, kuma a waɗannan makonnin ne yara da yawa ke samun kuɗin littafi da takalmi na shekara. Da ba su fito ba wasunmu suka ce sun yi sanyi. Ba su yi ba, suna gona.

Na huɗu, da na koma kan rajista don rubuta rahoton nan, sai na ga sunayen samari sun cika shafuka, na 'yan mata jefi-jefi, alhali shiga gidaje da tsince adas da kai kwano duk su ne. Aikin da aka yi a titi an rubuta, wanda aka yi a tsakar gida ya ɓace. Mun zauna da shugabar mata mun cike gurbin gwargwadon abin da aka tuna.

Saboda haka kwamiti yana kawo wa taro waɗannan shawarwari don amincewa. Ɗan aji uku a sauke masa duk wani aiki wata uku kafin jarabawa, ko da shi ya nace. Sauran kada su wuce yini biyu a mako, kuma ba a lokacin darasi ba. Babu ɗalibin da zai shiga sai da yardar mahaifi ko waliyyi. 'Yan mata su fita bibbiyu tare da babbar mace, su kasance a gida kafin magariba. A dakatar da gayya lokacin yankan riɗi. Kowane ɗalibi a ba shi takardar shaida da sa hannun shugaba da liman. Sannan a ware wa ɗalibai kujeru biyu a kwamiti, mace da namiji, su zaɓa da kansu, domin labarin kwanon da na ba ku ya isa hujja.

Abin da muke buƙata a shekara mai kamawa ba shi da yawa: takalman roba da safar hannu, alli da littattafan rubutu, fitilu masu aiki da hasken rana don masu bitar dare in an ɗauke wuta, da ɗan ihsani ga malaman da ke darasin ƙari, waɗanda su ma albashi ya daɗe yana yi musu wasan ɓuya. 'Yan uwa na waje da ke turo gudummawa ta manhajar banki ta Bankak, Allah Ya saka da alheri. Don Allah duk wanda ya turo ya sanar da ma'aji abin da ya yi niyya, takiyya ce ko karatu, don kada a haɗa su a asusu ɗaya kamar yadda ya faru a wasu watanni.

Za a sanar da ranar babban taro a masallaci da kuma zauren WhatsApp. Iyaye su zo da 'ya'yansu, domin a ranar za a raba takardun shaida kafin a shiga zaɓe. Wanda ya ari tukunya ko buhun tabarmi na ƙungiya tun azumi, ya taho da su.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa
Gadarif