A riƙa bincikar ƙashi tun daga karayar farko

Assalamu alaikum, Edita.

Ka ba ni fili in ja hankalin jama'a kan wata cuta da ke cin tsofaffinmu a ɓoye, wato zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Ba ta ciwo, ba ta sa zazzaɓi. Ƙashi ne ke ta rarakewa daga ciki kamar itacen da gara ta ci, sai ranar da tsohuwa ta zame a banɗaki, ta dafa ƙasa da hannu, wuyan hannun ya ɓalle. Faɗuwar da jikanta zai yi ya tashi ya karkaɗe riga.

Gidauniyar Yaƙi da Zaizayewar Ƙashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin waɗanda suka haura shekara 50, mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 za su gamu da irin wannan karaya. Mata sun fi shan wahala, domin da zarar al'ada ta ɗauke, sinadarin istirojin da ke kare ƙashi sai ya ja baya. Ga shi kuma tsofaffi ƙaruwa suke yi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nan da 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake wasa da karayar farko. Za a ɗora hannun, ya warke, a ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. Ba wanda ke tambayar dalilin da ƙashi ya karye a faɗuwa daga tsaye. Alhali wadda ta karye sau ɗaya ta fi kowa kusa da karaya ta biyu, kuma ta biyun na iya zuwa a kwatangwalo. A nan ne gida ke shiga uku. Kimanin 1 cikin 5 na waɗanda suka karye a kwatangwalo ba sa cika shekara a raye, da yawa cikin sauran kuma ba sa sake tafiya da ƙafarsu ba tare da mataimaki ba. Sai tiyata, sai jinya, sai 'ya ko suruka ta ajiye sana'arta don juya mama a gado, da wanka, da kai ta bayan gida. Wannan asarar ba ta shiga littafin kowane asibiti, amma iyali ne ke biyan ta.

Wadda ake iya lissafawa ma ba kaɗan ba ce. A 2019 kaɗai, ƙasashen Tarayyar Turai tare da Birtaniya da Suwizalan sun ga irin wannan karaya miliyan 4.3, kuma ta laƙume kusan Yuro biliyan 57. Kason da ya tafi wajen magungunan rigakafi ɗan ƙalilan ne, mafi yawa jinyar waɗanda suka riga suka karye ce ta cinye. Ina hikimar tsuke hannu a kan ƙwaya, sannan a buɗe shi a ɗakin tiyata?

Kuma ba a rasa mafita ba. Akwai na'urar DXA mai auna ƙarfin ƙashi cikin 'yan mintuna. Akwai alendronate, ƙwayar rage zaizayewar ƙashi da ake sha sau ɗaya a mako. A birnin Gilasgo na Sikotilan, tun 1999 aka fara tsarin bin sawun duk wanda ya haura 50 ya zo da karaya, a bincike shi a ɗora shi kan magani, kuma ƙasashe da dama sun kwaikwaya. Sauran kuwa sanannu ne: kalsiyam, bitamin D, motsa jiki, barin taba, da taka-tsantsan da magunguna irin su prednisolone, masu raunana ƙashi idan an daɗe ana sha.

Roƙona, Edita, ranar 20 ga Oktoba ce Ranar Zaizayewar Ƙashi ta Duniya. Ku ware shafi, ku gayyato likitan ƙashi ya bayyana wa masu karatu cewa idan uwa ta fara ranƙwafawa, ko tsawonta ya ragu, ko ta karye a ƙaramar faɗuwa, a kai ta a duba ƙashin kansa, kada a ce tsufa ne kawai.

Naka,
Mai karanta jaridarku kullum.