Kada Mu Auna Rediyon Iyayenmu A Sikelin 'Yan Gwangwan

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Ranar Asabar da hantsi ina tsaye a ƙofar gida, sai ga wani yaro ɗan gwangwan ya turo kurarsa. A saman tarkacen ƙarafan na hango rediyo ƙirar Grundig mai jikin katako, irin ta da mai bawul, wato ƙananan kwalaben gilashin nan da ke yin ja a cikinta idan an kunna, gilashin gabanta mai jerin sunayen biranen duniya ko tsagewa bai yi ba. Na tsai da shi na tambaye shi inda ya samo. Ya ce a wani gida ne can bayan layinmu, maigidan ya rasu, an gama rabon gado, aka share ɗakinsa aka kira shi ya kwashe. Na ce to me za ka yi da ita? Ya ce fasawa zai yi ya zare jan ƙarfen da ke cikin taransifoma, katakon kuma a hura wuta. Na biya shi abin da ya nema na shigar da ita gida. Ban ga laifin yaron ba, halalinsa yake nema. Abin da ya dame ni shi ne a ce mutum ya yi shekara da shekaru yana tattalin abu, yana share masa ƙura, amma cikin 'ya'yansa ba a samu ko ɗaya da ya ce a bar masa ba.

Ni mai tara irin waɗannan kaya ne, kuma a gida na tashi na tarar da abin. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne a nan Zariya. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin nan na gwamnati da ariyas ɗinsa, a farkon 1975, abokansa wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure. Shi kuwa sai ya tafi Kaduna ya dawo da yamma da kwalaye huɗu: na'urar juya faifai, da amfilifaya, da lasifika guda biyu masu jikin katako waɗanda suka kusa kai ni tsawo, don a lokacin shekarata takwas. Kakata ta leƙo ta duba, ta ce da saniya ya saya da ta haihu. Baba ya yi murmushi bai ce komai ba. Amma daga baya ita ce take aiko ni bayan sallar isha'i in ce masa ya sa mata faifan ƙira'ar nan ta mutanen Masar.

Kafin wannan yana da wata rediyo Philips mai batir wadda da ita muke kama Rediyon Kaduna a mita 49, da sashen Hausa na BBC wanda aka buɗe tun 1957, da kuma Jamus. Ya ɗaura waya daga ƙofar ɗakinsa zuwa bishiyar darbejiya a matsayin eriya. A gajeren zango tasha ba ta zama wuri ɗaya, murya takan tafi ta dawo kamar iska na kaɗa ta, don haka sai da lallashi ake murɗa maɓallin. A jikin wannan rediyon na fara koyon haƙuri da na'ura.

Har yanzu idan na rufe ido ina ganin yadda yake ɗaukar faifai. Sai ya wanke hannu ya goge. Ya zaro shi daga takardarsa yana riƙe da gefe da gefe da tafin hannu, yatsa ba ya taɓa inda layukan suke. Ya goge shi da ɗan ƙyallen karammiski, ya duba ko mai juyi 33 ne a minti ko 45, sannan ya sauke allurar a hankali yana riƙe da numfashinsa. Maɓallin ƙara kuwa ba ya wuce lamba huɗu a gidanmu, ko da sallah ake yi. Yakan ce wanda ya ƙure murya bai zo saurare ba. Idan ya sa faifan makaɗa sai ya zaunar da ni a tabarma daidai tsakiyar lasifikan nan biyu, ya ce in rufe ido, ya tambaye ni kalangu nawa nake ji, wanne ne a dama, wanne ne a hagu, a ina 'yan amshi suka shigo. In na canka daidai ya shafa kaina. In na kuskure ya mayar da allurar baya mu sake. Idan an gama, sai a rufe komai da mayafin da Inna ta saƙa da kwarashi, saboda ƙurar hunturu ba ta raga wa allura.

Talabijin ta shigo gidanmu a 1977, shekarar bikin FESTAC. Mai baƙi da fari ce, mai ƙafafu huɗu da ƙofofi da ake zugewa a kulle da ɗan makulli. A wancan zamanin tasha sai da yamma take buɗewa, a rufe da dare da taken ƙasa. Yaran unguwa sukan cika tsakar gida, Inna tana shimfiɗa tabarmi tana korar masu matsowa kusa da gilashi. Mai kala sai daga baya, lokacin da yayana ya fara aiki ya sayo wa Baba Sony Trinitron. Wanda ya taɓa ganin hoton Trinitron a tsakanin sauran talabijin na lokacin ya san abin da nake nufi. Tun 1968 kamfanin ya fito da wannan fasaha, kuma haskenta da tsabtar launinta ne suka sa ta yi shekaru tana jan zarenta. Tana nan a ɗakina, mutum biyu ke ɗaga ta, kuma tana aiki.

Mutum na biyu da ya sa mini wannan ƙauna shi ne Kawu, ƙanen Inna, mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Duk hutun makaranta a shagonsa nake yi. Ƙamshin dalma da hayaƙinta, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi, da wani tsohon madubi da yake jinginawa a gaban talabijin don ya riƙa ganin hoton yayin da yake saiti ta baya. Idan zai sa hannu cikin talabijin mai doro, ɗaya hannun a bayansa yake ajiyewa. Ya faɗa mini dalili tun ina yaro: kwalbar nan tana aiki da wuta mai ƙarfin dubban bolt, a mai kala takan kai wajen 25,000, kuma takan riƙe sauranta ko bayan an zare soket. Wannan ma wani dalili ne da ya sa hankalina ke tashi idan na ga yara suna fasa tsofaffin talabijin da dutse a juji. Gilashin akwai dalma a cikinsa, ba abin wasa ba ne.

Da na karɓi albashina na farko a 1991, rikodar Akai ta hannu na fara saya. A hankali, shekara bayan shekara, na tara abin da ya sawwaƙa: na'urar faifai ta Technics SL-1200, irin da aka fara fitarwa a 1972 wadda injinta ke juya faranti kai tsaye ba tare da bel ba, amfilifaya ta Marantz da ta Sansui, rikodar kaset ta Nakamichi, babbar rikoda mai faranti biyu da ake zarga wa tef da hannu, da Grundig Satellit ta kama tashoshin nesa. Yawancinsu a gwanjo na same su, a mace, muka tayar da su. Na yi asara ma. Akwai wata amfilifaya da aka yi don kasuwar Japan, inda wutar gida bolt 100 ce, na jona ta a tamu mai 230 ban karanta bayanta ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba hayaƙi ya tashi. Ranar ban iya cin abinci ba. Tun daga nan duk abin da ya shigo hannuna sai na juya bayansa na karanta, kuma ba na jona komai sai ta sitabilaiza, domin amfilifayar Baba ta asali ma wuta ce ta dawo da ƙarfi cikin dare ta ƙone ta.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, don an sha faɗa mini a ido: almubazzaranci ne, ga waya a aljihu mai ɗauke da waƙa dubu, me za ka yi da akwatuna? Ban raina wannan magana ba. Duk wanda zai bar iyalinsa da yunwa ya sayi lasifika ya yi zalunci, kuma ban koyi haka a gida ba. A 1986, da rayuwa ta yi tsada, Baba da hannunsa ya ɗauki rikodar da ya fi so ya kai kasuwa ya biya wa yayata kuɗin jarrabawa. Bai taɓa ambaton ta ba bayan nan. Amma wanda ya sauke haƙƙin gidansa, ya ɗan rage wani abu ya ceto na'urar da aka ƙera da kyau ta yi shekara 50 tana aiki, ban ga inda ya yi ɓarna ba. Muna yaba wa mai kiwon doki da mai tara littattafai. Kuma duk wanda ya zauna tsakanin lasifika biyu na ƙwarai ya ji yadda fatar kalangu ke amsawa idan makaɗi ya matse tsarkiya, ya san ƙaramar lasifikar waya tana haɗiye rabin abin da aka kaɗa.

Akwai kuma abin da ya fi sauti. A cikin kwalin kaset ɗin Baba akwai wata TDK mai minti 60 da aka ɗauka a 1979. Muryar kakata ce, wadda ta so a sayi saniya. Tana aika saƙo ne ga ƙanenta wanda ya tafi aikin hajji ta ƙasa ya zauna a Sudan bai dawo ba. Ba ta iya boko ba, don haka Baba ya ajiye mata rikoda a gabanta ta yi ta magana: wa ya haihu, wa ya rasu, yadda damina ta kasance, sannan ta jero sunayen kakanninmu har bakwai don kada 'ya'yansa su manta tushensu. Baba ya kwafi ɗaya ya ajiye kafin ya ba alhazai su kai. Ba mu da hotonta ko guda. Wannan kaset ɗin ce kaɗai ta rage mana daga gare ta, kuma da ba ni da rikoda mai lafiya, da yanzu roba ce kawai a cikin kwali. Gidaje nawa ne a Zariya da Kano da Katsina da Maraɗi suke da irin wannan kaset, na tafsirin azumi da aka ɗauka daga rediyo, na waƙoƙin biki, na wasiyya, suna can laima da zafi na cin su? Tef ba ya dawwama. Ya kamata a juye su a kwamfuta tun suna jin magana, kuma ba za a iya ba sai da na'urar da za ta karanta su ba tare da ta cinye zaren ba.

Cikin 'ya'yana biyar, ɗaya ce ta ɗauko. Mazan ba ruwansu, wayarsu ta ishe su, ban kuma matsa musu ba, don Baba ma cikin mu tara ni kaɗai na bi shi ɗakin. Ta ukun ce tun tana 'yar shekara shida take tsayawa a bayana tana miƙo mini sukundireba. Yanzu tana karatun injiniyan lantarki, kuma ita ce ke canja mini kondensa idan sun bushe, ta sa sabon bel inda tsoho ya narke ya zama kamar kwalta, ta goge kan rikoda da auduga da sifirit. Rannan na shigo na tarar ta zaunar da ƙaramin ɗan yayanta a tsakiyar lasifika ta ce ya rufe ido. Ban taɓa gaya mata Baba yana yi mini haka ba, a wurina ta gani. Na koma waje na tsaya har suka gama.

Roƙona biyu ne, Malam Edita. Na farko gare ku: ku tura wakilinku kasuwanni ya zauna da tsofaffin masu gyaran rediyo. Kawu ya rasu da ilimin da ba a rubuta ba, kuma sa'o'insa da suka rage idanunsu sun fara rauni. Matasa duk sun koma gyaran waya, inda ake cire allo a sa wani. Wanda zai bi layin wuta da mita ya gano ƙaramin abin da ya mutu a cikin ɗari, sun kusa ƙarewa. A ji ta bakinsu, a buga, ko wani yaro zai karanta ya je ya durƙusa ya koya. Ina kuma fata wurare irin su Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna za su duba yiwuwar karɓar irin waɗannan kaya da kaset daga iyalan da ba su da wurin ajiya.

Na biyu ga masu rabon gado. Waɗannan na'urori dukiya ce ta mamaci kamar sauran, kuma wasunsu suna da daraja sosai a wurin waɗanda suka san su. Idan aka auna su a sikeli da kuɗin ƙarfe, an tauye magada, wataƙila har da marayu a ciki. A nemi wanda ya sani ya yi musu kuɗi. Kafin nan ma a tambayi 'ya'ya, mata da maza, har da jikoki, ko akwai mai so. Sau da yawa akwai, kunya ce ke hana shi magana a gaban manya.

Grundig ɗin nan tana kan teburina. Jiya ni da 'yata muka buɗe bayanta muka kakkaɓe ƙura da gidan gizo, muka ba ta wuta kaɗan kaɗan. Bawul ɗin suka yi ja, ɗan koren idon nan na gabanta ya buɗe, sai dai ba ta yi magana ba tukuna. A cikin akwatin mun tsinci rasit ɗin gyara da aka naɗe aka soke a gefe, da rubutun ajami a bayansa. Idan wani daga cikin iyalan mai ita ya karanta wannan wasiƙa ya ji yana son kayan mahaifinsa, ya nemi adireshina a ofishinku. Zan gama gyaran in mayar masa, ba sai ya biya ko kwabo ba.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
daga Zariya