A Duba Liyari Kafin A Kai Shi Maƙera

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin mutanenmu na karkara game da tsofaffin kuɗin azurfa da ake fitowa da su daga adudun iyaye mata in an zo rabon gado. Galibi sai a kai su kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Wudil ranar Juma'a, a ɗora a sikeli, maƙerin fari ya narka ya yi zobe ko awarwaro. Da yawansu darajarsu ba ta wuce nauyinsu ba. Amma akwai 'yan ƙalilan da narka su asara ce babba, kuma ba ta gyaruwa.

Mu ɗauki liyari, wanda wasu ke kira riyal, mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya. Kusan kowanne za a ga an rubuta 1780, shekarar da ta rasu. Kada wannan ya ruɗi kowa. An ci gaba da buga shi da wannan shekara a Biyana (babban birnin Ostiriya), Milan, Roma, Faris, Landan daga 1936, da Bambai ta Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma Biyana na bugawa har yau. Abin da ke raba tsoho da sabo shi ne hatimin ƙarfen da aka buga shi da shi, don sassaƙar hatimin takan bambanta daga bugu zuwa bugu.

A fara tabbatar da cewa na gaske ne. Nauyinsa giram 28 da ɗan ɗigo, faɗinsa wajen milimita 40, kuma a gefensa akwai rubutu mai tudu. Maganaɗisu ba ya kama shi. In aka ɗora shi a kan yatsa aka ƙwanƙwasa, ƙararsa tana daɗewa. Na jabu da aka yi da zubi yana da ƙananan ramuka kamar zanzana, rubutun gefensa a dagule.

Daga nan sai a ari gilashin masu gyaran agogo, a zauna a hasken hantsi. A dubi maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar: a sababbin bugu ƙananan duwatsu sun kewaye shi, a tsofaffi da yawa babu su. A juya baya a karanta rubutun da ke kewaye da gaggafa. AVST da harafin V shi ne na bugun baya-bayan nan, AUST da U kuwa yana iya nuna tsufa. Gashin jelar gaggafar ma shaida ne, na Biyana uku ne a tsakiya, na Landan biyu. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton ba sa nuna komai su kaɗai, suna kan tsoho da sabo. Amma wanda ya ga I.C. da F.A. a wajen ƙafafun gaggafa, to ya riƙe abinsa da kyau, tsohon bugun Biyana ne. Alama ɗaya ba ta yanke hukunci, sai biyu ko uku sun dace.

Farashin liyari gama-gari ba wuya. Azurfa zallar da ke cikinsa giram 23.4 ce, sai a lissafa da farashin giram na ranar, a ɗora ɗan abin da ba a rasa ba. Tsohon bugu mai lafiyayyar fuska kuwa masu tara tsofaffin kuɗi ne ke sa masa kuɗi, ba sikeli ba.

Sule da dala (sule biyu) na zamanin Turawa masu bishiyar kwakwar manja, na 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, a 1920 aka rage azurfar wasu zuwa rabi sannan aka koma farin ƙarfe mai ruwan tagulla. Sule giram 5.66 ne, dala 11.31. Ƙaramin harafin H ko KN yana nuna bugun Bamingam ta Ingila.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne wanki. Ana dirje su da toka, yashi ko tsamiya don su yi ƙyalli, sai duwatsun maɓalli da gashin jela, waɗanda su ne shaidar, su shafe. Baƙin da ke jikin tsohon kuɗi ba datti ba ne a wurin mai saye. Huda shi ko liƙa masa kunne don rataya ma yana mayar da shi farashin narkawa. A naɗe kowanne daban a takarda, a ɗauki hoton gaba, baya da gefe da waya, a nuna wa aƙalla mutum biyu masu sanin harkar kafin a sallama.

Wassalam.
Wasu masu sana'ar azurfa,
Ƙaramar Hukumar Maigatari, Jihar Jigawa.