Waƙar Beatles da aka ɗinke daga ɗauka biyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in gyara wani zance da ke yawo a bakin masu son tsofaffin waƙoƙi, wai mawaƙan da can tsayawa kawai suke yi gaban makirfo su rera sau ɗaya a buga faifai, ba yanka ba gyara, sai zuwan kwamfuta aka fara dabara. Tarihin "Strawberry Fields Forever" ta ƙungiyar Beatles kaɗai ya isa ya rushe wannan magana.

John Lennon, ɗaya daga mawaƙan ƙungiyar, ya fara rubuta ta a Almeriya, ƙasar Sifen, a ƙarshen 1966, sunan kuma na wani gidan marayu ne da ke kusa da inda ya tashi a Liverpool. Ranar 24 ga Nuwamba 1966 aka fara ɗaukarta a situdiyon EMI da ke Abbey Road a Landan, George Martin na furodusa, Geoff Emerick na injiniyan sauti. Na'urarsu layi huɗu kawai take ɗauka a kan tef. In layukan suka cika, sai a haɗa su a juye kan wani tef don a samu gurbin ƙari. Kowane juyi yana ƙara shuu a ƙarƙashin kiɗan, abin da aka haɗa kuma ya haɗu ke nan, ba a iya rage ganga a bar jita.

An yi ta maimaita ɗaukar waƙar, kowane karo da lambarsa. Ɗauka ta 7, wadda aka kammala ranar 29 ga Nuwamba, mai sanyi ce. Ita ke da sautin sarewar nan na farko, wanda ba sarewa ba ce. Paul McCartney, shi ma ɗan ƙungiyar, shi ne ya kaɗa Mellotron, na'ura mai kama da fiyano da ke da guntun tef ƙarƙashin kowane maɓalli, in an danna ya yi kamar daƙiƙa 8 ya ƙare. Lennon bai gamsu ba, ya ce a sake. A Disamba aka yi sabuwa mai sauri da nauyin ganguna, har da kugen da aka ɗauka aka juya tef ɗinsa baya. Ranar 15 ga wata aka ƙara ƙaho 4 da celo (babban goge irin na Turawa) 3. A wannan sabuwar ɗauka kuma George Harrison, mai jitar ƙungiyar, ya sa wani kayan kiɗan Indiya mai tsirkiya da yawa, swarmandal. Wannan ce ɗauka ta 26.

Daga nan Lennon ya ce farkon ta 7 yake so da ƙarshen ta 26, a haɗa masa. Matsalar ita ce sun bambanta ta fuska biyu: saurin kiɗan ba ɗaya ba, tsayin sautin ma ba ɗaya ba. Yau manhaja tana gyara kowanne daban. A tef kuwa abu biyun a ɗaure suke: ka ƙara gudun tef, kiɗa ya yi sauri murya ta sirance, ka rage, kiɗa ya lafa murya ta yi kauri. Sa'ar da aka ci ita ce ta 26 ta fi sauri kuma ta fi tsayin sauti, don haka gyara ɗaya ya magance duka biyun. Ranar 22 ga Disamba, Martin da Emerick suka ɗan ƙara gudun ta 7, suka rage na ta 26 sosai har suka haɗu, aka sa almakashi aka yanka aka liƙa. Da a ce mai saurin ita ce mai ƙasan sauti, da aikin bai yiwu ba.

Irin wannan yanka yana da ƙa'ida. A karkace ake yin sa don sautin ya shige a hankali, kuma ƙarfen yankan kada ya kasance da maganaɗisu, in ba haka ba za a ji "ƙyas" a mahaɗar. Mai son jin ɗinkin ya saurara daidai cikar minti ɗaya, a tsakiyar jimla. Daga nan muryar Lennon ke yin kauri kamar ta mai magagin barci. Mutane da yawa sun ɗauka salo ne ya yi, alhali ragin gudun tef ne. A ganina wannan nauyin muryar shi ne rabin kyan waƙar.

Fitarta ma ba yadda aka tsara ba ne. Don sabon kundinsu, wato babban faifai mai waƙoƙi da yawa, Sgt. Pepper, aka yi ta, amma tun Agusta 1966 ƙungiyar ba ta fitar da ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowace fuska ba, manajansu Brian Epstein da kamfani suka matsa. Sai aka haɗa ta da "Penny Lane", kowace fuska ta faifan a matsayin babbar waƙa. Kamfanin faifai na Capitol ya fitar a Amurka ranar 13 ga Fabrairu 1967, na Parlophone a Birtaniya ranar 17. A Birtaniya faifan ya tsaya a na 2 a jerin waɗanda suka fi kasuwa, "Release Me" ta Engelbert Humperdinck ta tare shi, abin da bai faru da su ba tun farkon 1963. A Amurka, inda ake lissafa kowace fuska daban, "Penny Lane" ta kai na 1, "Strawberry Fields Forever" kuma na 8.

Da yake al'adarsu ce kada su maimaita waƙar ƙaramin faifai a kundi a Birtaniya, aka bar duka biyun a wajen Sgt. Pepper, shawarar da Martin ya yi nadamarta daga baya. Masu saye a Amurka sai a Nuwamba 1967 suka same ta a kundin Magical Mystery Tour.

Naka,
Wani injiniyan sauti, Kaduna