Sanarwa kan wasan kwaikwayon yaranmu

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka, ya sanyin Ingila?

Kamar yadda kuka gani a takardar makaranta, bana yaranmu za su yi wasan kwaikwayo mai waƙa, labarin ƴan sama jannati ne da jirginsu ya sauka wata duniya, kiɗan kuma rock and roll ne irin na Amurka na shekarun 1950, su yaran da kansu za su kaɗa jita da ganga. Jiya na leƙa gwajinsu, wallahi wani ɗan yaro da aka sa wa kwali ya zama mutum-mutumi yana rawa sai da na yi ƙwalla don daɗi.

To kayan sawa ne suka rage mana. Don Allah kowane gida ya kawo fam 5, da kwalaye da takardar azurfa ta girki in akwai. Masu keken ɗinki ku yi magana a nan, riguna 12 ake buƙata.

Za mu haɗu Asabar ƙarfe 4 a zauren makaranta, a zo da wuri don Allah.

Allah ya raya mana su, na gode sosai.