Ciwon haƙori: ƙwayar da muke haɗiya ba ta isa inda cutar take

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan yadda mutanenmu ke ɗirkar Flagyl da Ampiclox duk lokacin da haƙori ya motsa, don ni ma na yi, kusan wata huɗu ina zarya kemis, in zafi ya lafa in ce na warke, bayan sati biyu kumatu ya sake kumbura kamar na cusa goro, ga kanumfari da nake dannawa a ramin har harshena ya sale.

Da na gaji na je wurin likitan haƙori, ya ɗauki hoto ya nuna min wani baƙin tabo a ƙasan saiwar. Ya ce jijiyar ta riga ta mutu, kuma haƙorin da jijiyarsa ta mutu jini ba ya shiga cikinsa, to maganin da ka haɗiya jini ne ke ɗaukarsa ya kai, ta ina zai shiga? Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai.

Aikin da ya yi shi ne ya huda haƙorin ya kwashe ruɓaɓɓiyar jijiyar da wasu siraran ƙarafa kamar allura, ya dinga wanke ramin da ruwan sodiyam haifokulorait, sinadarin da ke cikin bilic ɗin wanki amma nasu na asibiti ne (kar wani ya ji haka ya gwada a gida dan girman Allah), sannan ya zuba wani farin magani mai kauri a ciki ya toshe, ya ce in dawo bayan sati a yi ciko. Wato a kai maganin har gidan cutar.

Kuma ko hakan ba kullum yake gamawa da ita ba, don jikin haƙori cike yake da ƙananan hanyoyi da ido ba ya gani, akwai wata ƙwayar cuta Enterococcus faecalis da ke shigewa can ciki ta laɓe, shi ya sa wani za a yi masa aikin bayan shekaru ciwon ya dawo. A Japan tun shekarun 1990 suka haɗa magani kala 3 ana sa shi cikin ramin kai tsaye, har da sinadarin Flagyl ɗin namu, sai dai ɗaya daga ciki yana sa haƙori ya yi duhu. A 2022 kuma masana a Bangalore ta Indiya suka nuna wasu mitsi-mitsin abubuwa da ake tuƙa su da maganaɗisu su kutsa cikin hanyoyin nan, a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka ma ana irin wannan binciken. Duniya na ta ƙoƙarin saita magani daidai wurin, mu kuma muna ta zuba shi a ciki muna sa ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi.

Roƙona ga jaridarku, ku gayyato likitan haƙori ya yi wa jama'a bayanin nan da Hausa, a kuma tambayi hukumomin lafiya me ya sa aikin ke da tsadar da talaka zai gwammace a cire masa haƙorin. Nawa dai yana nan, jiya ma da shi na ci tsire.

Naku,
Wani mai karatu daga Kano